Akuyar Kirsimetin Adda Kezia

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan Adda Kezia ya san ƙa'ida: ka ɗan taɓa wani abu kafin ka je. Ba wai rowa gare ta ba, matar nan ba ta san rowa ba. Addu'a ce matsalar. Za a ajiye tuwo yana tururi, ta ce a rufe ido, sai ta kama sunaye ɗaya bayan ɗaya: na gida, na ƙauye, masu jinya a asibiti, mai kawo mata ruwa a kura, har da mai keken da ya taɓa zubar mata da kifi a kwata. Kafin a ce amin miya ta daskare. Mijinta, Malam Zadok, yakan ce tun da ya yi aure bai sake ganin tuwo mai zafi ba sai a gidan biki.

Ni Selina, shekara ashirin da shida rumfata tana jingine da tata a kasuwar Jimeta. Ita kifi banda take sayarwa, ni kuka da kuɓewa da daddawa, don haka wanda ya saya a wajenta dole ya faɗo wajena. Coci ɗaya muke zuwa, a zumuntar mata benci ɗaya muke zama. Ta girme ni da shekara huɗu, shi ya sa nake ce mata Adda, yadda Fulanin garin nan suke kiran yayarsu mace. In na ba da labarinta, ba a bakin wani na ji ba.

'Yar masunci ce daga wajen Numan. Ta zo Jimeta tana amarya, da akwatin ƙarfe ɗaya da baki mai kaifi, kuma akwatin ne kawai ya tsufa. In ta shinshina kifi za ta gaya maka ko na kogin Binuwai ne ko daga nesa aka kawo shi, da irin itacen da aka banda shi. Ba ta cuta, ba ta kuma ragi. Mai ciniki ya cika taɓe-taɓe, sai ka ji ta ce, "Abeg ajiye min kifi, ba shi ne ya kashe kakanka ba." Ya tafi yana ƙunƙuni, gobe ya dawo, don ya san in ta ce kifi ba ƙwaro, to babu. Da kifin nan ta haɗa da albashin mijinta na malamin makaranta suka gina ɗaki huɗu a unguwar Damilu, suka yi wa ɗansu guda, Gabriel, karatu har ya zama mutum.

Gidan da ke kallon nasu na Malam Haladu ne, direban motar haya a hanyar Yola zuwa Mubi. Kakansa daga ƙasar Kano ya zo da sana'ar dukanci, jikan ya ce shi warin fata ya ishe shi, ya kama sitiyari. Shi da Malam Zadok abokan dara ne da gardama. Ɗaya ya ce gabas, ɗaya ya ce yamma, in an kira sallah Haladu ya tashi, Zadok ya zauna yana gadin dara kada wani ya motsa ɗa.

A layinmu akwai wata al'ada da ba wanda ya rubuta, amma kowa ya san ta. In Kirista zai yanka dabbar Kirsimeti, yana kuma so maƙwabtansa Musulmi su ci, sai ya kira Musulmi ya yanka masa. Shi ke nan, nama ya halatta ga kowa. In ka yanka da hannunka ba ka zagi kowa ba, amma ka sanar da layi cewa bana tukunyarka ta gidanka ce kaɗai. Shekara ashirin da wani abu Malam Haladu ne ke yanka akuyar Adda. Ranar jajibiri da safe zai fito da wuƙarsa, Malam Zadok ya riƙe ƙafafu yana kallon katanga, don shi bai iya ganin jini ba. Haladu ya ce, "Malam, buɗe ido, ba kai za a yanka ba." Washegari shinkafar Adda ta shiga gida goma sha ɗaya. In babbar sallah ta zo, cinyar rago ta tsallako titi ta dawo mata.

Ana nan aka yi wa Malam Zadok canjin wurin aiki zuwa wata makaranta kusa da Mubi, yana zuwa gida ƙarshen wata. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 garin ya faɗa hannun 'yan bindiga. Waya ta daina shiga. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tipa, wasu a ƙafa, takalmi a hannu. Adda ta tsallaka titi ko ɗankwali babu, ta kama rigar Haladu ta ce ya je ya ɗauko mata mijinta. Matarsa Na'inna tana kuka tana cewa kada ya je. Ya je.

Can gaba da Hong ya same shi a bakin hanya, cikin taron masu gudu, ƙafa duk ta kumbura. Kafin Haladu ya juya kan mota ta cika har but. Kujera ɗaya ya tsare da hannunsa, ta gaba, ya ce ta Malam ce. Malam Zadok ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya hango wata mata da tsohon ciki tana jan yara biyu. Ya fito da ƙafarsa, ya tura su ciki, ya rufe ƙofa. Ya ce wa Haladu, "Kai su, gobe ka dawo ka ɗauke ni, a gindin tsamiyar nan za ka same ni." Haladu ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya rantse. Wanda ya san Malam Zadok ya san ɓata yawu ne. Washegari ya koma, sojoji sun rufe hanya. Ya sake komawa sau uku. Daga ranar ba wanda ya sake ganin Malam Zadok. Bayan shekara biyu aka yi masa sujadar jana'iza ba gawa.

Haladu bai ɓoye mata komai ba. Ranar da ya dawo, a ƙofar gidanta ya tsaya da la'asar ya faɗa mata duka, ina wurin. Ta dube shi ta ce, "Mota naka ne. Da ka sa shi da ƙarfi." Ita ce maganar ƙarshe da ta yi masa.

Abin da ya ɗaure min kai, mutanen da ya kawo a motar nan gidanta suka sauka. Mai cikin ma a ɗakin Gabriel ta haihu. Wata biyar Adda tana ciyar da mutum ashirin da uku, ba ta taɓa ɗaure wa ɗayansu fuska ba, jaririn ma ita ta yi masa wankan farko. Amma in Haladu ya fito, sai ta juya ta ga wani abu mai muhimmanci a jikin bango. Da Kirsimeti ta zo, ta kira wani dattijon coci ya yanka mata akuya a bayan gida. Layi ya gane. Yara dai sun yi ta leƙen ƙofa har yamma, kwano bai fito ba. Da sallah Na'inna ta aiko da cinyar rago kamar kullum, aka mayar da ita da godiya. Shekara ta biyu ma haka. A ta uku Na'inna ta haƙura.

Addu'arta ba ta gajarta ba, sunan Haladu ne kawai ya fita daga ciki. To, ita Adda ba ta iya munafunci ba, kuma a nan ne abin ya ci ta. Mu an koya mana cewa ba a zuwa Jibin Ubangiji, wato karɓar gurasa da ƙoƙo a gaban coci, da mutum a maƙale a zuciya, sai ka fara zuwa kun shirya. Gaskiya da yawanmu muna zuwa haka nan. Ni kaina na sha durƙusawa a gaban bagadi da mutum uku a wuyana, ciki har da surukata. Adda kuwa ta ce ita ba za ta yi wa Allah wasa da hankali ba. In an kira layin Jibi, mu tashi, ita ta zauna. Tun muna jin nauyi har muka saba, muka fara tara mata jakunkunanmu a cinya ta tsare mana. Wasu marasa ta-ido suka sa mata suna mai gadin jaka. Takan yi dariya, amma ni da ke dawowa in zauna kusa da ita ina ganin yadda take kallon bagadin. Matar da ke kai sunan kowa gaban Allah ita ce ba ta iya zuwa teburinsa, kuma abin yana cin ranta. Kirsimeti tara aka yi a haka.

Na yi iya ƙoƙarina. Na yi mata wa'azi a kasuwa tsakanin ciniki da ciniki, ta ce in bar wa fasto aikinsa in kula da ƙudan da ke kan daddawata. Fasto biyu sun zo sun tafi, kowanne ya zauna da ita, ta ba shi kifi mai kyau ya tafi da shi. Gabriel ya kira daga Jalingo ya yi magana, ta tambaye shi ko shi ya haife ta. Da Haladu ya kwanta ciwo, hawan jini ya buge shi, ba ta tsallaka ba. Ta dai ƙara wani layi a addu'a, "da masu jinya na unguwan nan," ta haɗa shi a cikin jimla kamar ana sayar da gyaɗa.

A Kirsimeti ta goma ne abin ya warware, kuma ta hanyar kuskurena. Matar sabon fasto, yarinya ce a kanmu amma akwai kai, ta shirya wa zumunta addu'ar kwana uku kafin biki, da azumi daga safe zuwa azahar. Mata suka yi gunaguni, ga kitso, ga tela, ga cefane, amma aka zo. Ran na uku ta ce a rabu biyu-biyu, kowace ta riƙe hannun 'yar'uwarta ta yi mata addu'a da murya, a kan abin da ta san yana damunta. Na cafke hannun Adda tun kafin ta waiga. Na ce a raina yau Allah ya kawo ni, abin da ta hana ni faɗa a kasuwa zan faɗe shi ido rufe, in ga yadda za ta katse ni.

Muka koma kusurwa kusa da ganguna. Na gyara murya na fara. Na gode wa Allah don rai da lafiya, na yi 'yar kewaye, sannan na saki abin da na zo da shi. Na ce, "Ya Uba, ga baiwarka Kezia. Ka taɓa zuciyanta ta gafarta wa Malam Haladu. Ka san shi, direba, gidan da ke kallon nata. Ka cire mata fushin Haladu." Na kira sunan ya kai sau biyar, don kada a samu ruɗani a sama.

Sai na ji an mintsine ni. Na buɗe ido ɗaya. Adda tana kallona, fuskarta wani iri, kamar wadda ta taka abu a duhu.

"Selina, tsaya."

"Adda, addu'a nake yi."

"Na ce tsaya. Kina ba Allah adireshin da ba shi ba."

Ta ce tun da na fara kiran sunan Haladu take lalube a cikinta ta nemo laifinsa ta ajiye a gaban Allah, ta rasa. Mutumin ya bar matarsa tana kuka ya shiga wuta saboda ita. Ya koma sau huɗu. "To wa nake fushi da shi?" in ji ta. Ba ni take tambaya ba. Ta sake rufe ido, ta matse hannuna har zobena ya shige nama.

Na ji addu'o'in Adda sun fi dubu, ban taɓa jin irin wannan ba. Ba gwamna, ba mai kura. Ta ce, "Ya Uba, Zadok yana wurinka. Ka tambaye shi min. Da ya cire ƙafansa daga mota, ya tuna da ni? Ya tuna ina tsaye a ƙofa? Kowa yana cewa mutumin kirki, mutumin kirki. Ni ce na kwana da kirkin nan shekara tara ni kaɗai. Ina fushi da shi, Uba. Ina fushi da shi sosai, kuma ba shi nan da zan zage shi." Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza, ni ma na taya ta, don ni ba a kuka a gabana in tsaya kallo. Matan da ke kusa suka juyo suna kallonmu, matar fasto ta yi musu alama da hannu su ci gaba da nasu.

An ɗau lokaci. Da ta lafa sai ta ce, a hankali, "Da ya zauna a kujeran nan ya bar matar a hanya, da ba Zadok ba ne. Ni na san wanda na aura. Na yafe masa. Ka gaya masa na yafe." Ta ce amin ita kaɗai, ta fyace hanci da gefen zanen zumunta. Sannan ta dube ni ta ce, "Shekara tara na bar jaki ina dukan taiki, ke kuma kina gefe kina ƙirga min bulala." Ban ga laifina a ciki ba, amma na bar ta, ranar ba ta gardama ba ce.

Washegari jajibiri. Da hantsi ta aiko a kira ni, na tarar da ita a ƙofar gida da igiyar akuya a hannu, ta ci ɗaurin ɗankwali kamar mai zuwa kotu. Titin bai fi taku goma sha biyar ba, amma akuyar ta ce ba da ita ba. Ta turje, ta zauna a tsakiyar hanya tana ihu. Adda na ja, ni ina turawa ta baya. "Wannan akuya bai da tarbiyya," in ji Adda, "ni da nake da dalili ma na taho." Kafin mu kai, duk layin ya fito. Masu shara sun tsaya da tsintsiya, mai shago ya bar ciniki.

Na'inna ce ta leƙo. Ta ga akuya, ta ga Adda, ta dafe ƙirji. Ba ta tambayi komai ba, ta ce, "Maman Gabriel, shigo, shigo," ta ja labule.

Malam Haladu yana tsakar gida a kujerar roba, yana shan hantsi. Adda ta san ya yi ciwo, amma ba ta taɓa yarda ta dube shi ba sai ranar. Ya rame, gemu ya yi fari fat, hannunsa na dama yana kwance a cinya, yatsun a dunƙule. Ta tsaya tana kallon hannun.

Shi ya fara magana, bakin ya ɗan karkace amma ana ji. "Maman Gabriel, kin kawo aiki bayan ma'aikaci ya yi ritaya."

Ta miƙa min igiya, ta jawo turmi ta kife ta zauna a gabansa. "Baban Mu'tasim, gafara na zo nema. Fushin wani na ɗora maka. Ba ka yi min komai ba sai alheri, ni kuma na biya ka da bango."

Hawaye suka bi gemunsa. "Ni ma ban bar kaina ba," in ji shi. "Kullum sai na ce da na ɗaure shi na jefa a but."

"Da ka iya?"

"Wa ya taɓa iya Malam Zadok?"

Sai suka fashe da dariya su biyu, suna yi suna share ido, Na'inna na tsaye a ƙofar kicin tana kuka da ludayi a hannu. Babban ɗansa Mu'tasim, wanda ya gaji motar, shi ya yi yankan. Uban yana daga kujera yana ba da umarni, a juya ta gabas, a gyara wuya, wuƙar nan ba ta ji wasa ba, har Mu'tasim ya ce, "Baba, 'ya'yana uku fa." Ni aka bari da riƙon ƙafafu. Ranar Adda ta aika kasuwa a ƙaro shinkafa, don gidajen layin sun ƙaru daga sha ɗaya zuwa sha shida ba ta sani ba.

Safiyar Kirsimeti coci ta cika har waje, kowa da sabon ɗinki, fanka na juya zafi kawai. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, aka zo kan Jibi. Da aka kira bencinmu, mata suka fara miƙa wa Adda jakunkuna yadda aka saba. Ta miƙe tsaye, jaka biyu suka zube ƙasa. "Kowa ya riƙe kayansa," in ji ta. Ta shiga layi a bayana, tana riƙe da gefen zanena. Da muka kusa sai ta raɗa min, "Selina, har yanzu durƙusawa ake yi?" Na ce har yanzu.

Muka durƙusa a gaban bagadi. Ta buɗe tafin hannu ta karɓi gurasa, ta sha daga ƙoƙon. Aka sa mana albarka, kowa ya tashi, layi na gaba yana jira, Adda tana nan a ƙasa. Na zaci addu'a ta kama, na ce yau za a kwana a nan. Sai na ji ta ja zanena. Fuskarta jiƙe take sharkaf, tana murmushi. Ashe gwiwa ce. Wadda ta bari shekara tara da suka wuce ba ita ta tarar ba.

"Ɗaga ni," in ji ta, "kafin fasto ya zaci wani sabon zunubi na tuno."

Na sa hannu a hammatarta na ɗaga ta. Ta yi nauyi, ta jingina da ni, muka koma benci a hankali.